Gidan haya ma kiwo ne: Abin da ya kamata uwargida ta sani kafin ta zuba kuɗinta

Duk ranar da kuɗi masu kauri suka shigo hannun mace a lokaci guda, ko na gado ne, ko kwasar babban adashe, ko giratutin aiki, ko kuwa gwal ɗinta ta ɗaga ta sayar, shawarar da za ta fi ji daga 'yan uwa da abokan arziki guda ɗaya ce: "Ki sayi gida ki zuba 'yan haya, ki kwanta kina karɓar kuɗinki."

Masu ba da wannan shawara suna da hujja. Kuɗin da aka ajiye a banki ko a ƙasan akwati narkewa suke yi kamar ƙanƙara. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wato abin da naira 100,000 ta saya a ƙarshen 2023, sai da aka cika kusan 35,000 kafin a same shi bayan shekara guda. Gida kuwa yana nan inda aka gina shi, ɓarawo ba ya ɗaukarsa a ka, kuma darajarsa takan bi farashi ta hau.

Inda shawarar ta gaza shi ne wurin "ki kwanta". Duk matar da ta taɓa kiwon tumaki ta san sayen tunkiya ne abu mafi sauƙi a cikin harkar. Bayansa akwai dusa, akwai harawa, akwai magani, akwai kuma ido. Haka gidan haya yake. Yana ci, yana ciwo, idan kuma aka sakar wa wanda ba shi da asara a ciki, ramewa yake yi. Sau da yawa kuma kuɗin da aka zuba ba na wasa ba ne: rabon marayu ne, ko kuɗin makarantar yara, ko abin da mace ta tanadar wa tsufanta.

Fara da lissafi, kafin dillali ya fara da baki

Dillali zai gaya miki abin da gida yake kawowa a shekara. Abin da gidan yake ci kuwa, ke za ki lissafa da kanki.

Mu ɗauka, a matsayin misali kawai, kin sayi gida na naira miliyan 15 mai ciki da falo huɗu, kowanne ana biyan 250,000 a shekara. A baki, miliyan 1 ke nan. To amma ɓangare ɗaya ya yi wata shida babu kowa bayan mai shi ya tashi, kin rasa 125,000. Wanda yake karɓar miki kuɗi ya cire la'adarsa, a ce 90,000. Gyaran kwano da fenti da famfo sun ci 200,000. Kwasar sokawe da kuɗin ƙasa da sauran ƙananan abubuwa sun ɗauki 60,000. Abin da ya rage a hannunki 525,000 ne, bai kai 45,000 a wata ba. A wannan tafiyar, sai gidan ya yi kusan shekara 29 kafin haya kaɗai ta mayar miki da uwar kuɗinki.

Gaskiya ne kuɗin haya na ƙaruwa, darajar gidan ma tana hawa. Amma kayan gyara su ma ba a tsaye suke ba. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti a watan Fabrairu kan batun. Kwano da rodi da fenti duk sun bi sahu.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan ribar gida tana cikin darajarsa ne, ita kuwa daraja ba a cefane da ita sai an sayar. Gida kuma ba akuya ba ne da za a ja zuwa kasuwa da safe a dawo da kuɗi da yamma. Idan rashin lafiya ta taso aka ce a sayar da gaggawa, masu saye suna jin ƙanshin matsuwa, sai su taya da wulaƙanci. Saboda haka kada ki juye duk abin da kika mallaka a gini. Ki bar wani abu da hannu zai kai gare shi cikin dare.

Takarda ita ce gida

Tun 1978, Dokar Amfani da Filaye ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum yake da shi izinin zama ne da amfani, wanda takardar shaidar mallaka, wato C of O, take tabbatarwa, galibi na tsawon shekara 99. Dokar ta kuma ce sayar da gida mai irin wannan takarda ba ya cika sai da amincewar gwamna. Mutane da yawa sukan tsaya a takardar ciniki su ajiye, sunan tsohon mai gida yana nan a rajistar gwamnati shekara da shekaru, har ranar da rigima za ta taso.

A unguwanninmu da dama filayen awon igiya ne, ba awon gwamnati ba. Shaidarsu takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. Ana saye ana sayarwa a haka, amma a nan ne aka fi samun fuloti ɗaya da masu shi uku. Kafin ki biya ko sisi, a je ofishin filaye a bincika: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, sauran jihohi ma suna da nasu ofishin ko ma'aikatar ƙasa. A tabbatar sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, ba a jinginar da gidan a banki ba, kuma bai faɗa kan hanya ko hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ba. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna suna da ikon rushe ginin da ya saɓa tsari, kuma katafila ba ta tambayar ko kuɗin marayu ne. Kuɗin lauya da na bincike ba su kai ɗigon abin da za ki yi asara ba.

Idan gidan gado ne, ki ƙara taka-tsantsan. Babban wa shi kaɗai ba ya sayar da gidan da ƙannensa ke da rabo a ciki. Ki nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun dukkan magada, har da matan da ke aure a wani gari da wanda ke ƙasar waje.

Sai kuma batun da kunya ke hana mata faɗa: sunan wa za a rubuta? Idan kuɗinki ne, sunanki za a rubuta, cikakke kamar yadda yake a katin shaidarki. Wannan ba rashin yarda da maigida ba ne. A Musulunci dukiyar mace tata ce, miji ko ɗan uwa wakili ne kawai idan ta wakilta shi. Ki yi tunanin ranar da ba a fata. Idan gidan da kika saya da guminki yana ɗauke da sunan maigida, ya riga ki tafiya, a idon kowa ya shiga cikin gadonsa. Rabon mata idan akwai 'ya'ya tumuni ne, kuma idan da abokan zama tare za ku raba shi. Daga mai gida sukutum kin koma mai jiran wani yanki na kashi ɗaya cikin takwas, sai fa idan kina da shaidun da za su tsaya miki. Miji na gari ma shi zai fara cewa a sa sunanki.

Ki ga gida da damina

Gidan da aka yi wa sabon fenti da rani amarya ce ranar kai ta. Halinsa na gaskiya sai a watan Agusta. Idan da hali, ki je ki ga gidan bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Idan ciniki ba zai jira damina ba, ki tambayi maƙwabta, musamman matan layin, don su ne ke kwashe ruwa da bokiti idan ya shigo. Ki dubi katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya.

Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta nuna yadda dare ɗaya ke shafe abin da aka tara a shekaru. Wannan babbar jarrabawa ce da ta fi ƙarfin mai gida. Amma ƙananan ambaliyoyin da ke cin gidaje kowace shekara a biranenmu yawanci an san wurarensu: tsofaffin kududdufai da aka cike da shara aka yanka fuloti, da gidajen da titi ya fi su tudu. Idan kika ga gida ya yi araha fiye da na kusa da shi, akwai dalili, kuma araha ba ta ado.

Ki tafi da magini naki na kanki, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ko dillali. Ya leƙa cikin silin ya ga katako, ya ƙwanƙwasa filasta ya ji ko ta saki, ya buɗe sokawe, ya duba wayoyin wuta. Ladansa na yini ɗaya zai iya rage miki farashin gidan, ko ya hana ki sayen wahala.

Ruwa ne babban abokin gabar gini

Yawancin manyan gyare-gyaren da ke cinye kuɗin haya daga ƙaramin abu suka faro, kuma kusan dukkansu ruwa ne sila.

Fara daga sama. Zafin rana yana sa kwano ya miƙe da rana ya koma da dare, a hankali ƙusoshi su yi sako-sako. Guguwar farkon damina ta zo ta samu hanya, sai ta yaye rufin. Ko bai yaye ba, ɗigo ɗaya daga ramin ƙusa yana jiƙa katako, ya ruɓar da silin, ya gayyato gara. Shi ya sa watan Maris ko Afrilu ne lokacin sa kafinta ya hau, ya ƙara ƙusa, ya toshe huji, ya shafa wa katako maganin gara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan gidan dakin ne ko mai indararo, a share ganye da leda da ƙurar hunturu da suka toshe bakin, don ruwan da ya kwana a kan rufi sai ya nemi hanyar shiga ɗaki.

Sai ƙasa. Idan kika ga bango yana jiƙewa daga gindi, fenti yana kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, to danshi ne ke hawa daga ƙasa. Sake fenti ɓarnar kuɗi ce, bayan damina ɗaya zai dawo. Maganin shi ne a raba ruwa da gindin gini: a daɓe kewayen bango da siminti mai gangare zuwa waje, a gyara lambatu, a duba ko akwai bututun da ya fashe a ƙasa.

Tsagewar bango ma iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi wadda a filasta kawai take, wannan ba abin tsoro ba ce. Akwai kuma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana ƙara buɗewa. Ki sa a ja layi da biro a inda ta tsaya, a rubuta kwanan wata. Idan bayan wata biyu ta wuce layin, harsashin ginin ne ke motsi, injiniya za a kira, ba mai shafe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ba ƙadangare kaɗai ba, har da ruwa.

Banɗaki da sokawe su ne suka fi haɗa mai gida da 'yan haya faɗa. Leda da audugar mata da famfas ɗin yara idan ana jefa su a masai, ramin da zai yi shekaru sai ya cika cikin watanni. Ki faɗi wannan ƙarara tun ranar shiga. Murfin sokawe da ya tsage kuwa kada ya kwana, domin tsakar gidan haya cike take da yara masu guje-guje. Idan akwai rijiya a gidan, masana kiwon lafiya na ba da shawarar tazarar aƙalla mita 15 tsakaninta da ramin masai, wasu ma sun ce 30, don kada ƙazanta ta tsiyaya cikin ruwan sha.

Da hunturu kuma hankali ya koma kan wuta. Lokacin ne ake jona hita da abin dafa ruwa a kan sirarar waya mai araha, iska ta bushe, gobara ta samu abin da take so. Sau ɗaya a shekara mai gyaran wuta ya zagaya, ya canza soket ɗin da ya yi baƙi, ya cire jone-jonen da 'yan haya suka yi da kansu.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan babu kuɗi a ajiye. Ranar da haya ta shigo, kafin buƙatun gida su ji labari, ki cire kashi ɗaya cikin biyar ki sa a wani asusu daban. Wannan ba kuɗinki ba ne, abincin gidan ne. Shekarar da ba a taɓa shi ba ki bar shi ya taru, ranar canza kwano tana nan tafe.

Wutar lantarki da ruwan famfo

Gidan da mutum huɗu ke kan mita ɗaya ba ya rabuwa da ƙorafi. Wannan yana da firiza, wancan yana guga, waccan ta ce ita fanka ɗaya gare ta. Idan aka tara bashi wani ya tashi ya bar gari, kan mai gida yake dawowa, don sabon ɗan haya ba zai yarda ya shiga gidan da aka yanke wa wuta ba. Mita mai kati ga kowane ɓangare tana da tsada a farko, amma tana kashe wannan rigima baki ɗaya. Ki nema ta hannun kamfanin yankinku, KEDCO ga mutanen Kano da Katsina da Jigawa, Kaduna Electric ga Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, haka sauran, ki kuma karɓi rasit. Inda ba a samu ba, kada ɗan haya ya miƙa makulli sai ya nuna shaidar biyan bil na ƙarshe.

Rijiyar burtsatse tana ƙara wa gida daraja, amma injinta na ƙonewa. Tun farko a yanke: wa ke kunnawa, wa ke sayen mai ko biyan wuta, kuma idan ya lalace kashi nawa ne na 'yan haya, nawa ne naki.

Zaɓen ɗan haya da rubuta yarjejeniya

Ɗaki ya yi wata biyu a rufe ya fi a zuba wanda zai shekara biyu bai biya ba. Kada ganin kuɗi a hannu ya ruɗe ki. A tambayi sana'arsa, mutum nawa ne za su zauna, daga ina ya taso kuma me ya tashe shi. A samu wanda zai tsaya masa, mutumin da aka san gidansa da wurin aikinsa. A sanar da mai unguwa, saboda tsaro da kuma ranar da za a nemi shaida.

Sannan a rubuta. Ko da Hausa ce a takarda ɗaya, in dai akwai sa hannu da shaidu biyu, ta fi "ai mun yi magana". A sa kuɗin haya da ranar biya, da wa'adin notis, da adadin mazauna, da cewa ba a sa wani a ɗakin ko fasa bango ko mayar da shi shago sai da izini. A fayyace gyara: rufi da bango da sokawe da manyan bututu na mai gida ne, ƙwan fitila da makulli da kan famfo da gilashin da yaro ya fasa na ɗan haya ne. Wasu sukan gyara abu su ce a cire a kuɗin haya, to a rubuta cewa sai an sanar da ke kin amince kafin a taɓa. Idan za ki karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, ki rubuta adadinsa, kuma ki mayar idan ba a ɓata komai ba.

Wayar da ke hannunki ma ma'aikaciya ce. Ranar ba da makulli a ɗauki hoton kowane ɗaki, bango da ƙofa da banɗaki, a tura wa ɗan hayar ta WhatsApp. Ranar fita ba sai an yi rantse-rantse ba.

Akwai wani ɗan haya da ya fi kowa wuyar sha'ani, shi ne ɗan uwa. "Ya ɗan zauna kafin ya samu wuri" takan zama shekara biyar. Taimakon zumunci abu ne mai lada, amma ki yanke a zuciyarki tun farko: kyauta ce ko haya? Idan kyauta ce, ki cire ɗakin daga lissafinki ki huta, ki faɗi wa'adi a gaban wani babba. Idan haya ce, a rubuta kamar ta kowa. Abin da ke ɓata zumunci shi ne wanda aka bari a tsakiya, ke kina jiran kuɗi, shi yana ganin gidan 'yar uwarsa ne.

Wa ke riƙe miki?

Mata da yawa ba sa iya zirga-zirgar bin haya, ko saboda aure, ko aiki, ko nisan gari. Dole a samu wakili: maigida, ko ƙani, ko ɗa, ko dillali. A nan ne dukiyar mata da yawa ke zirarewa, kuma ba kullum da mugun nufi ba. Kuɗi ya shigo hannun ƙani daidai lokacin da matarsa ta haihu, ya ce zai mayar. Maigida ya karɓa ya yi cefanen azumi. Ke kuma nauyin baki ya hana ki tambaya. Shekara uku ba ki ga komai ba, rufi kuma yana yoyo.

Gyaran wannan ba ya buƙatar faɗa. Kuɗin haya ya riƙa shiga asusunki na banki kai tsaye, ki ga alat a wayarki. Idan kina son taimaka wa maigida ko ɗan uwa, ki cire da hannunki ki ba shi, kin san kin bayar, shi ma ya san an ba shi. Wakili kuma a yanka masa ladansa a fili. A garuruwa da yawa masu kula da gidaje kan karɓi kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya. Ko ƙaninki ne ki ba shi, domin wanda ake biya ana iya tambayarsa, wanda yake yi don Allah kuwa sai dai godiya.

Kowane gyara a turo hoto kafin a fara da bayan an gama, tare da rasit ɗin kaya. Ki samu littafi guda na gidan, shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita. Ki karɓi lambar wayar 'yan hayarki, ko ta matansu. Kuma aƙalla sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ki taka da ƙafarki ki je. Gani ya kori ji.

Idan zama ya ƙi daɗi

Ko an yi duk abin da ya kamata, wata rana za a gamu da wanda ya ƙi biya kuma ya ƙi tashi. Zuciya za ta ce a cire ƙofa, a yaye kwano, a watsar da kaya waje. Kada ki yarda, kuma kada ki bari wakilinki ya yi da sunanki. Doka ba ta ba mai gida ikon fitar da mutum da ƙarfi ba, sai ki wayi gari ke ce ake ƙara, ke ce za ki biya diyya.

Dokokin haya sun ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma tsarin da aka fi bi idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba shi ne: mai biyan wata-wata notis ɗin wata 1, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara wata 6. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, a ba shi wani na kwana 7 cewa za a tafi kotu, sannan kotu ta yi hukunci. Kuskure kaɗan a rubutun notis kan sa a koma farko, don haka lauya ya rubuta. Kafin a kai nan, a gwada sulhu ta hannun wanda ya tsaya masa, ko mai unguwa, ko limamin unguwa. Wani lokaci yafe wata biyu don mutum ya fita lafiya ya fi shekara ana sintiri a kotu.

Sai dai a tuna, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ma a gidan haya suke, sun san zafin a ƙara kuɗi ba sanarwa, ko a shekara ana roƙon a gyara yoyo. Idan Allah ya ba ki gida, ki zama irin mai gidan da kike fatan samu. Ƙarin haya a sanar da wuri, watanni kafin lokacin biya. Gyaran da yake naki ki yi shi ba sai an kai ruwa rana ba. Wanda ya saba biya a kan kari, wata shekara ta juya masa baya, ki ɗaga masa ƙafa. Ɗan hayar da ke share lambatu, ya kira ki tun ɗigon farko, ya fi ƙarin 30,000 da baƙon da ba ki san halinsa ba zai kawo.

Kafin ki ce "na saya"

Ba dole sai babban gida ba. Shago ɗaya a bakin hanya mai mutane, ko ɗaki biyu a unguwar da kika sani, sun fi sauƙin kulawa, kuma a kansu ake koyon harkar. Ginin da aka fara da kuɗin da ba za su kai shi rufi ba, kango ne da zai sha damina yana lalacewa ba ya kawo ko kwabo. Tun ran gini tun ran zane.

Idan gidan ya samu, ki adana takardunsa na asali a wuri mai aminci, ki ɗauki hotonsu, kuma 'ya'yanki manya su san inda suke da wanda ke riƙe da gidan. Ki tambayi malami kan zakka: fatawar da aka fi sani ita ce ba a fitar wa gidan haya kansa, sai dai kuɗin hayar da suka taru suka kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu.

Idan kika ga takarda ta inganta, lissafi ya fita bayan an cire abincin gidan, kuma kina da idon da za ki sa a kai, to bismillah, Allah ya sa albarka ya sa 'ya'ya su mora. Idan ɗaya daga ciki ya yi rauni, jinkiri ba asara ba ne.

'Yan uwa masu gidajen haya, wane gyara ne ya fi cin kuɗinku, kuma yaya kuke yi da wakilai? Ku kuma da ke zaune a haya, me kuke so masu gida su gyara a halayensu? Ku bayyana mana a ƙasa, wata za ta ƙaru da abin da kuka gani.